Wakiliyar Kafinta

Kwana ashirin ke nan Amarya tana girkin mutum biyu tana ci ita kaɗai. Har yau Amarya ake ce mata, shekara tara da aure, don babu ɗan da za a kira ta da sunansa. Mijinta Kafinta yana asibiti, ɓarin jiki ya shanye, harshe ya yi nauyi. Inna, surukarta, ta hana ta shiga ɗakin jinya, wai farar ƙafa gare ta.

Tana cikin ninke rigunansa sai ga Yaya, wan mijin, har tsakiyar ɗaki da takalmi.

"Fara haɗa kayanki. Gobe lauya za ta yi mini takardar wakilci. Shago da gida duk sun dawo hannuna, gidan nan kuwa haya zan ba da shi."

"Yaya, ni kuma ina za ni?"

"Ba ki da gidan uba ne?"

Ta share hawaye da rigar da ke hannunta. Washegari da la'asar ta tafi inda take zuwa kullum: filin da ke daura da tagar ɗakinsa na asibiti. Nan take tsayawa, ta ɗaga masa hannu, ta koma gida.

Ku da kuke cewa alƙalamina bai iya komai ba sai sharri, to ku saurara. Lauyar matashiya ce. Ta shigo ɗakin jinya ta tarar da Inna da Yaya, ta ajiye jakarta ta ce, "Sori, Inna, kowa ya fita. Ƙa'idar aikinmu ce, mai ba da wakilci shi kaɗai nake ji."

"Ai ba ya magana! Ni ne bakinsa!" in ji Yaya.

"Shi ya sa za ka fita, yallaɓai."

Ta rufe ƙofa. Ta karanta wa Kafinta takardar sannu a hankali, yana gyaɗa kai. Da ta zo kan sunan Yaya sai ya girgiza kai har gado ya motsa.

"To wa kake so?"

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya nuna taga.

Lauya ta leƙa. Mace ɗaya ce tsaye a rana.

Da aka shigo da Amarya, Kafinta ya riƙe bakin mayafinta ya ƙi saki. Inna ta dawo ciki, ta dube su ta sunkuyar da kai.

"Duk kwanakin nan kina wajen?"

"Kullum, Inna."

"Zauna nan, 'yata." Ta matsa mata kujerarta.

Yaya kuwa, tun safe ya goge babbar riga don bikin sa hannu. Da ƙyar aka ba shi gurbin shaida.

Yara, ku riƙe wannan: amana ba ta bin girma ko jini, wanda ya tsaya maka a rana shi ake miƙa wa makulli. Ni ma na ce zan wakilta uwargidana, ta ce ba ta ga abin da za ta kula da shi ba sai huluna da madubi. Ku ji rainin hankali!