Gurbin Kifin Malam Ya'u

Ana idar da sallar isha'i aka ji wani sauti a saman tafki, kamar zuma dubu sun tashi, amma da 'yar fitila ja tana ƙyaftawa.

Murjanatu ta saki kifin da take jerawa a banda.

"Inna! Mi na na?"

Dariya ta jiyo daga bayan zana.

"Kwantar da hankalinki, 'yan mata. Kyamarata ce mai tashi, gwada ta nake yi."

Yusuf kenan, ɗan Yelwa, wanda ya zo ɗaukar fim a kan rayuwar masunta. Ya zo zai yi mako biyu, ya yi wata biyar. Har iyayensa suka kawo goron neman auren Murjanatu, mahaifinta Malam Ya'u ya karɓa yana ɓata rai, don shi Jibrin masunci ya so wa 'yarsa.

Malam Ya'u yana da sirri ɗaya. Tun kafin a datse ruwa, garin kakanninsa na can, yanzu yana kwance a ƙasan tafki. Giwan ruwa na taruwa cikin kangon masallacinsa. Daga nan gidan ke ci shekara da shekaru, ba wanda ya san gurbin sai 'yan gidan.

Wani dare wurin zance Yusuf ya tambayi Murjanatu: "Rabin raina, ina Baba ke zuwa shi kaɗai?"

"Ba a faɗi..."

"Ko ni?"

Ta sunkuyar da kai, ta faɗa masa. Gari a ƙarƙashin ruwa! Yusuf ya kasa haƙuri. Ya tashi kyamararsa daga nesa, ya ɗauki tsohon cikin kwalekwalensa, ruwa ya yi lumui, duwatsu biyu a bayansa. A ganinsa bai taɓa ɗaukar abu mai kyau haka ba.

Saura kwana tara biki aka haska majigin a bangon makaranta. Mata na yi wa duk wanda ya ga kansa guɗa.

Sai ga Malam Ya'u yana jawo giwan ruwa.

Jibrin ya miƙe.

"Mai hoto, don Allah maimaita muna wurin ga. Ya yi kyau ƙwarai!"

Yusuf ya ji daɗi, ya maimaita. Sau uku.

Masunta suka ƙura wa bangon ido. Ba kifin suke kallo ba, duwatsun suke aunawa da ido.

Washegari kwalekwale talatin suka riga tsohon isa.

Da hantsi Yusuf ya shigo gidan, ya durƙusa, hularsa a hannu.

"Baba, wallahi girmama ka na yi nufi. Zan yanke wurin yau ɗin nan."

"Daga idon mutane za ka yanke shi?"

Ya juya ga 'yarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ubana ya hwaɗa mani yana gargara. Ke kin hwaɗa wurin zance."

"Baba, ka yahe mani..."

Hawaye suka ɓalle mata. Yusuf ya matso.

"Murjanatu, kalle ni mana, masoyiyata..."

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Na ba ka abin da ba nawa ba, Yusuf. Kai kuma ka raba wa gari."

Tsohon ya ɗauki filafilinsa, ya tsaya yana dubansa, ya mayar ya jingine. Ya zauna a ƙasa.

Dudu maƙwabciya ta leƙo ta kan zana, taɓarya a hannu, ta kira uwar Murjanatu.

"Habsatu, dawar bikin ga, mu ci gaba da surhe ko mu bari?"