Direban da Ya Ɗora wa Akuya Laifi

A wani gari an yi wani direba wanda ba ya son a ce motarsa tana da aibi.

Wata safiya matarsa tana shara ta ce, "Maigida, ga lema a gindin tayar baya."

Ko dubawa bai yi ba ya ce, "Fitsarin akuyarki ne."

Kashegari ta ce, "Maigida, lemar nan fa santsi gare ta."

Ya ce, "Fitsarin akuyarki ne."

Sai ta kai akuyar gidan iyayenta. Gari ya waye, ga lema nan. Direba ya ce, "Ai ta san hanya."

Ran nan yana gangara da fasinjoji ya taka birki, sai ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Allah ya kiyaye, motar ta tsaya cikin tarin yashi.

Makanike ya shiga ƙarƙashinta, ya bi sawun man birki har ya iske tiyo a tsage. Ya sauya shi, ya zuba sabon mai.

Da yamma direba ya yi sallama gidan surukai da damin harawa a ka. Surukinsa ya ce, "Lafiya?"

Ya sunkuyar da ido ya ce, "Baba, bikon akuya na zo."