Ruwan Wankin Hannu

Mutawakil na Salaga bai taɓa iya jiran tukunya ta tafasa ba. Ya haƙa ramin kifi a bayan gida, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa, yana watsa musu dusa zalla. Suka ƙi girma, sai kai da wutsiya. Malamin gona ya ce masa kifi na bukatar abinci mai gina jiki, garin waken suya da na ƙananan kifi, a auna daidai girmansu, a yi haƙuri. Haƙurin ne ya gagara.

Da rana tsaka ya isa wurin wani boka a dajin Yendi. Bukka ce babu taga. Tukwane a kife, gashin kaza manne da busasshen jini, ga wata randa da wani abu ke motsi a ciki.

"Nama kifayenka suke so," in ji bokan.

"Baba, da ina da kuɗin nama, da ka gan ni?"

"Wa ya ce ka saya? A ƙwarya ɗaya iyalinka ke wanke hannu kafin tuwo?"

"Ƙwarai."

"Ruwan nan za ka riƙa zuba musu."

"Shi ke nan? Ba jini?"

Boka ya yi murmushi. "Ni ban ce jini ba."

Tarwaɗa suka yi ƙiba kamar cinyar mutum. Motoci daga Bawku suka yi layi. Amma gida ya soma bushewa. Mahaifiyarsa ta rame, ta rasu. Ƙanensa Jalil ya bi ta. 'Yarsa Hikmat ta kwanta, ana ƙirga haƙarƙarinta.

Wata rana matarsa Sahadatu ta tsura masa ido a kan akushi.

"Maigida, tun yaushe ka koma cin tuwo da cokali?"

Ya ajiye cokalin. Ashe zuciyarsa ta daɗe da sani, shi ya sa ya daina sa hannu a ƙwaryar.

Ya daina zuba ruwan, Hikmat ba ta daina ramewa ba. Ya koma Yendi a guje. Boka ya ce, "Abin da ya ɗanɗana mutum ba ya komawa dusa. Sai dai ka canza musu akushi."

Ya dawo, ya durƙusa a bakin ramin, ya tsoma hannuwansa har gwiwa. Ruwa ya tafasa.

Hikmat ta tashi. Uban kuwa yana bakin ramin, hannuwa kamar ƙirare, yana roƙon kifaye su ƙoshi.

Kai mai gaggawar arziki, ka ji tsoron Allah. Abin da bai ci daga aljihunka ba, a jikin naka yake ci.