Ƙumbar Teku a Jikin Jirgin Nilu

Ana saukowa daga sallar Juma'a aka kira Sufeto Hatim na 'yan sandan kogi. Jirgi ya faɗo kan mutum a wani wurin gyaran jiragen ruwa da ke gaɓar Nilu, daura da tsibirin Warraƙ.

Ya tarar an ɗaga jirgin an jawo gawar. Osama ne, mai jirgin, ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Munzir, mai wurin gyaran, yana tsaye yana share zufa. Ya ce tsautsayi ne: jirgin yawon buɗe ido ne, bai taɓa barin Alƙahira ba, an ɗora shi kan katako don a kankare gindinsa a yi masa fenti, sai katako ɗaya ya ruɓe ya karye.

Hatim ya ɗauki katakon ya jujjuya. Bai ruɓe ba. A gefensa akwai sabon sawun guduma har uku.

Ya durƙusa wajen tarin dattin da aka kankaro, ya ɗebi cikin hannu. Wasu fararen ƙumba ne masu tauri, kamar ƙananan haƙora. Hatim haifaffen Rashid ne, inda Nilu ke faɗawa teku, kuma mahaifinsa masunci ne. Ya san jirgin da ke zaune a ruwan daɗi gansakuka da santsi kawai yake tarawa. Irin wannan ƙumba ba ta kama jirgi sai a ruwan gishiri, kuma sai ya yi watanni a can. Da ya shigo kogi take mutuwa, ɓawonta ya rage a manne.

"Yaushe Nilu ta zama teku, ya Munzir?"

"Ban gane ba, ya basha, ranka ya daɗe."

Hatim ya zuba masa ƙumbar a tafin hannu, ya nuna masa jan fentin da ke ƙasa, mai haɗe da jan ƙarfe, irin wanda ake shafa wa jiragen teku don hana su tara halittu. Munzir ya fara magana kansa a ƙasa. Osama ya taso da jirgin daga arewa makonni uku da suka wuce. Da shi yake fitar da masu neman tsallakawa Italiya zuwa wani babban jirgi a tsakiyar teku. Yana so a goge duk wata alama, a mayar da shi jirgin kogi. Shi dai Munzir yana masallaci lokacin da abin ya faru, kuma limamin ya tabbatar da haka.

Wanda ke kankarar wani dattijo ne, Ya'ƙub, Bahaushen Sudan da yaƙi ya koro daga Khartum. Ya yi shekara ashirin yana wannan aiki a Bur Sudan, a bakin teku. Ba a gan shi ba tun da aka sauko daga Juma'a.

Kafin ya tafi, Hatim ya zagaya goshin jirgin. An kankare sabon farin fenti a wurin, tsohon suna ya fito da shuɗin rubutu: Umm Alaa. Daga nan aikin ya tsaya.

Da la'asar shi da wani ɗan sanda suka hau bene na biyar a wani gida a unguwar Hay el-Sabi', inda Ya'ƙub ke zaune. Matar Ya'ƙub, Mahasin, ta buɗe ƙofa. Ta ce maigidan ya dawo tun ƙarfe goma da zazzaɓi, bai ko je Juma'a ba, yana kwance. Ta faɗi haka ba tare da ta dube shi ba. Amma mai gadin gidan ya riga ya gaya wa Hatim cewa sai bayan azahar ya ga dattijon ya shigo, yana tafiya kamar wanda bai san hanya ba.

A jikin bango akwai hoton wata budurwa da farar rigar ma'aikatan jinya. Hatim ya tambaya. Mahasin ta ce 'yarsu ce, Tagwa, ita kaɗai Allah ya bar musu. Yaƙi ya katse mata karatu. Bara ta tafi ta teku ba da saninsu ba, ta bar takarda cewa za ta aiko su bi ta. Babban jirgin ya nutse. Ba a ba su gawa ba, ba a ma gaya musu wurin ba.

"Ta aiko da wani saƙo kafin nan, Hajiya?"

Mahasin ta daɗe tana riƙe da wayarta kafin ta miƙa masa. Hoto ne na ƙarshe. Tagwa tana murmushi a bakin wani ƙaramin jirgi, a bayanta shuɗin rubutu ya fito sarai: Umm Alaa.

Labule ya motsa, Ya'ƙub ya fito. Dogo ne ramamme, jan fenti ya shige ƙarƙashin faratansa. Ya ce wa matarsa da Hausa ta bar wahalar da kanta, khalas, ya isa haka. Ya zauna ya fuskanci sufeton.

Ya ce tun ranar da ya sa makankari a jirgin ya san ƙarya aka yi masa, don ya san ƙumbar teku kamar yadda ya san sunansa. Bai ce komai ba, ba ruwansa. Yau da safe sunan ya fito a ƙarƙashin hannunsa. Hoton nan kuwa shekara guda ke nan yana kallonsa kullum.

Da mutane suka tafi masallaci, Osama ya zo ya shiga ƙarƙashin jirgin yana duba aiki. Ya'ƙub ya sunkuya ya nuna masa hoton, ya roƙe shi don Allah ya gaya masa inda 'yarsa ta nutse.

"Ya ce mini, 'Ma'alish, yi haƙuri ya Hajji, suna da yawa. Yalla, maza ƙarasa aikinka.' Guduma tana kusa da ƙafata. Ni na buge katakon, ya basha. Matata ba ta san komai ba, ni take rufa wa asiri."

Hatim ya rufe littafinsa. Ya hana ɗan sandan da ke tare da shi fito da ankwa. Ya'ƙub ya nemi izini ya yi la'asar, aka jira shi har ya sallame.

A bakin ƙofa Mahasin ta riƙe hannun rigar mijinta.

"Malam, mai jirgin ya dai gaya maka inda take?"

Ya'ƙub ya girgiza kai.

"Shi kaɗai ya sani, Mahasin. Na kuma rufe masa baki da hannuna."

Ta saki rigar. Suka sauka benen a hankali, Hatim yana riƙe da kafaɗar dattijon.