Sawun Gocha a Cikin Ciyawa

Gocha ne ya jawo aka toshe kwalbatin, kuma kada wani ya ce mini ƙuruciya ce. Namijin da gemu ya cika wa fuska ya san abin da yake yi.

Tun da sojojin ƙetare suka shimfiɗa wayar ƙaya a bayan gonakin tuffa, maƙabartar ƙauyen ta koma ɓangarensu. Wayar kuma ba ta zama wuri ɗaya. Bana ta ci layin itatuwa, baɗi ta ci rijiya. Abin da ya rage wa mutane shi ne wani tsohon kwalbati a ƙarƙashinta, wanda ciyayi suka rufe wa baki. Sau ɗaya a shekara, washegarin bikin Ista na Kirista, tsofaffi kan rarrafa ta ciki su kai wa mamatansu jan ƙwai, su zuba ruwan inabi a kan kabari. Sharaɗin guda ne: ba a bin sawun juna. Kowa ya ratso ciyawa ta nasa wajen, don kada hanya ta fito. Biki na wucewa, ba mai sake waiwayar wurin.

Gocha ya san haka. Mahaifiyarsa Lamara ce ta koya masa, shekarar da aka binne ubansa a can.

Amma akwai Zalina. Gidansu na bayan maƙabartar, aji ɗaya suka yi kafin waya ta raba su. Da tsakar rana, in sojoji sun tafi cin abinci, sai ya sulale ta kwalbatin ya je wurinta.

"Ka sake zuwa? Gocha, ka haukace!"

"Na haukace. Wa ya jawo?"

"Dubi gwiwoyinka, kamar aladen da ya fito daga taɓo..."

"Aladen ya kawo miki burodin cukun Inna."

"Ta san ka ɗauka?"

"Kare take zargi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Can sai fuskarta ta canja, ta kama hannunsa.

"Masoyina, ka rage zuwa. Ciyawar nan ta fara kwanciya."

"Ruwa ɗaya zai tashe ta."

"To ka riƙa canja wuri, don Allah..."

"Zan canja, hasken idona. Na yi alkawari."

Bai canja ba. Ta gindin tsohon itacen tuffa ta fi kusa, shi kuma kullum zuciyarsa na gaba da ƙafarsa. Ciyawa ta kwanta, ta mutu, jar ƙasa ta fito fili.

Ana saura mako guda Ista, motar sojoji ta tsaya a bakin kwalbatin. Suka cika shi da siminti. Da yake sun riga sun zo da kayan aiki, suka ƙara matso da wayar, ta haɗiye gonakin gida uku.

Kawu Otar, dattijon ƙauyen, bai tambayi kowa ba. Sawun ya bi da sandarsa, sawun kuwa bai karkace ba sai ƙofar bayan gidan Lamara.

Ya same ta tana dafa ƙwai da ɓawon albasa don su yi ja. Gocha na tsaye a bakin ƙofa.

"Lamara, je ki ga titin da ɗanki ya gina. Saura kwalta kawai!"

"Wane titi?"

"Tambaye shi. Kai, ango, buɗe baki mana!"

Gocha ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya so ya ce shanu ne, ya so ya ce yara ne. Idon uwarsa ya hana shi.

"Ni ne, Inna..."

"Sau nawa?"

"Kullum."

Ta sauke tukunyar a hankali.

"In kana wucewa, ka taɓa tsayawa wajen ubanka?"

Bai taɓa ba. Ta gefen kabarin yake bi da sauri, don kada lokacin cin abincin sojoji ya ƙare.

"Inna, ki zage ni! Ki mare ni!"

"Matsa, ka tare mini haske."

Washegarin Ista tsofaffi suka jeru a bakin waya da kwandunansu, suna hango duwatsun kaburbura, ba halin ƙarasawa. Wasu na kiran sunayen mazansu. Sai ga Zalina ta fito daga can ɓangaren, idanunta sun kumbura. Ta zo daidai inda Lamara take, ta sunkuyar da kai.

"Inna, ki yafe mini. Da ni aka yi."

Lamara ta daɗe tana kallonta. Sannan ta zura hannu tsakanin ƙayoyin, ta miƙa mata ƙwai biyu.

"Kabarin mijina ne na uku daga itacen can. Ki ce masa Lamara ce, ƙafa ce ta gagara."

Sauran matan ma suka fara miƙo nasu, har gaban rigar Zalina ya cika. Gocha ya matso.

"Zalina... zan nemo wata hanya. Ta dutse, ta kogi, ko ta ina!"

"Don a toshe wa wasu kuma?"

"Ina son ki!"

"Na sani. Ni ma haka, shi ya sa ban kore ka ba tun farko." Hawaye ya zubo mata. "Dubi matan nan, Gocha. Da wane ido zan shiga ƙauyenku a matsayin amarya? Ka tafi."

Ta juya ta nufi kaburbura. Bai sake jin muryarta ba. Kafin damina ta fita, sojoji suka tashi gidajen da ke kusa da waya, iyayenta suka koma birni da ita.

Lamara ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, ba ta dai zama teburi ɗaya da shi. Da sanyi ya shigo ta kwanta, ba ta tashi ba. Ba a samu izinin kai ta kusa da mijinta ba, aka ce a binne ta a ƙarshen gona.

A ƙauyen nan maƙwabta ne ke haƙa kabari, ɗa ba ya taɓa shebur. Ranar, ba wanda ya fito. Gocha ne ya haƙa kabarin uwarsa, shi kaɗai.