Inda Igiya Ta Lanƙwasa

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya mutu!"

Tsakar rana ce. A hawa na huɗu na wani bene maƙeran zinariya shida sun kife a ƙasa, Kunama, shugaban 'yan fashin, yana ta cusa sarƙoƙi cikin jaka. Can ƙasa jiniya ta fara kuka.

Kawu bai taɓa riƙe bindiga ba. Shekara ashirin da biyu yana ɗaure wa injin ɗaga kaya lodi a wuraren gini. Abu ɗaya ya kawo shi nan: Dogo, ɗan ƙanwarsa, da ya faɗa hannun Kunama. Ya je ya roƙa a sakar masa shi, Kunama ya ce ƙungiyarsa ba a barinta sai a makara. Sai Kawu ya ce to, a ɗauke shi shi ma, ai ya san igiya.

"Tsoho! 'Yan sanda sun tare matakala. Mu je sama ka ɗaura mana hanya!" in ji Kunama.

A kan rufin akwai bututun ruwa mai kauri kamar cinya. Gefensa kuma wani siririn ƙarfe mai kusurwa. Ko sabon shiga ya san bututun ake zagayawa. Igiya a miƙe, duk zarenta tare suke ɗaukar nauyi. Amma ka lanƙwasa ta a kan siririn abu, na ciki su matse, na waje su ja su kaɗai har su fara tsinkewa. Wannan tsohuwar igiyar, a kan bututu za ta sauke ƙato uku. A kan ƙarfen ko ɗaya da jaka ba za ta kai ƙasa ba.

Kawu ya ɗora ta a kan ƙarfen. Ya san Kunama: kullum shi ke fara tsira, jaka a bayansa. Wallahi bai ji tausayinsa ba.

Daga ƙasa lasifika ta ɗauka: "Mun kewaye ginin! Ku ajiye makamai!"

Kunama ya kama igiyar, ya ɗora ƙafa a bakin katanga. Sai ya tsaya. Ya dubi Kawu.

"Tsoho, zufar me kake yi?"

"Rana ce, oga."

"Rana." Ya yi murmushi, ya cire jakar ya rataya wa Dogo. "Kai, zo ka fara. Aikin kawunka ne, ai ba zai cuce ka ba."

Dogo ya washe baki, shi ga wanda oga ya yarda da shi. Ya naɗe igiyar a hannu, ya haura katangar. Kawu ya ji ta ta yi ƙara a kan ƙarfen, ƙarar da ya sani sarai. Zare ɗaya ya tashi tsaye.

"Dogo, dawo! Ba za ta kai ka ba!"

Kawu ya yi tsalle ya cafki kwalar rigarsa, ya finciko shi — suka zube tare a kan siminti.

"Kawu, me ka —"

"Ni ya ɗaura wa," in ji Kunama a hankali.

Tau! Tau!

Kawu ya ji zafi ya ratsa cikinsa. Kunama ya fizgi igiyar zai mayar da ita kan bututu, amma ƙullin mai shekara ashirin da biyu a aiki ba ya kwantuwa ga mai gaggawa. Yana cikin cizonsa da haƙori aka ɓalle ƙofar rufin.

"Hannu sama! Sama!"

Kawu na kwance, idonsa na dusashewa, yana kallo ana danna wa Dogo ankwa. Dogo na kuka yana kiransa kamar ƙaramin yaro. Wani ɗan sanda ya durƙusa ya ce ya yi shiru, motar asibiti na hanya.

"Bar motar," in ji Kawu. "Ka dai gaya wa uwarsa inda za ta riƙa zuwa ganinsa."