Filin da Ke Kwari

"Ku sauko! An hana gini a filin nan!" Abin da ma'aikacin ofishin tsara gari ya faɗa ke nan, magina kuwa suka sauko daga kan katanga suka bar ɗakin ba rufi, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Auta ta yar da almakashinta ta zube a gabansa tana roƙo. "Ranka ya daɗe, ka dubi Allah! Mahaifiyata ba ta iya tashi, wancan tsohon ɗakin yoyo yake, ina zan kai ta?" Ya kau da kai, ya ce shi ɗan aike ne, ƙara aka kai cewa filin hanyar ruwa ce, kuma idan kwamiti ya tabbatar, har tsohon ɗakin sai an rushe. Da ta tambayi wanda ya kai ƙarar, sai ya dubi gidan Baffa.

Wayyo duniya! Baffan nan ƙanin mahaifinta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya raba filin gado bayan rasuwar wansa, ya kwashe bakin titi ya jera shaguna, ya tura marainiya da uwarta mai shanyewar ɓarin jiki can baya cikin kwari, yana cewa ai mata ba sa son hayaniya. Auta ta karɓi kwarin haka nan. Ta kafa keken ɗinkinta, ta yi ta taka shi har ƙafa ta kumbura, bulo ɗaya bulo biyu, har ginin ya tashi. Ana nan sai hukumar gari ta sake tsari: sabon titi zai bi ta bayan unguwa, kuma an ware gefensa don shaguna. Kwarin da aka raina ya wayi gari a bakin babbar hanya, tsohon titin Baffa kuwa ya zama lungu.

Tun daga ranar Baffa bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba. Sai ya tsaya a kan katangarsa yana leƙen ginin, ido jajir kamar wanda hayaƙi ya shiga. Ya zo da maganar musayar fili, Auta ta ce cikin ladabi, "Baffa, ka yi haƙuri, nan Inna ta saba." Ya daka mata tsawa. "Ke! 'Yar jiya-jiya za ki yi shago a bakin titi ina lungu? Wallahi in ban samu ba, ke ma ba za ki ci ba!" Bai tsaya nan ba, ya bi gari yana yaɗa cewa ba banza titi ya karkato ƙofarta ba, wai akwai abin da ke tsakaninta da mai awon filaye. Matan da ke kawo mata ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Auta ta kifa kai a gefen gadon Inna tana kuka. "Inna, me na yi masa? Shi fa ya ba mu wurin nan da hannunsa..." Inna ta shafa kanta da hannun da ke motsi, hawaye na bin kuncinta. "Yi haƙuri, 'yata. Allah yana gani, kuma ba Ya barci."

Ranar zaman kwamiti zauren ya cika. Baffa ya sha babbar riga, ya miƙe yana zuba kamar shi ne uban masu kishin gari, wai tsoro yake ji kada ginin yarinyar nan ya jawo wa unguwa ambaliya. Da aka ba Auta dama, abin da ta iya cewa kawai shi ne, "A da ruwa ba ya kwana a wurin." Aka yi ta gunaguni. Shugabar kwamiti ta ce za a je a duba in an samu sarari, amma hassada ba ta bar Baffa ya zauna ba. "A'a, ranki ya daɗe! Ku zo ranar da ake tsuga ruwa, ku gani da idonku!" Ta ce to, haka za a yi.

Haka kuwa aka yi. Suka zo cikin ruwan sama da laimominsu, suka tarar da tsakar gidan Auta ya zama tafki, tana kwalfewa da bokiti tana rawar sanyi. Baffa har da tafi. "Kun gani ko? Ban faɗa ba?" Sai shugabar ta ce a bi ruwan a ga inda ya fito. Suka bi shi, Baffa na biye yana ƙoƙarin karkatar da su, har suka isa bayan shagunansa. Nan suka ga bakin tsohuwar kwalbati an toshe shi da siminti, an ɗora shaguna a kan magudanar gari, ruwa na dukan bango yana juyawa cikin kwari. Shugabar ta juyo. "Malam, wa ya ba ka izinin gini a nan?" Baffa ya sunkuyar da kai, gumi na karyo masa cikin ruwan sama.

A zama na gaba aka wanke filin Auta tas, aka ba ta izinin gini har da shago, aka kuma sa Baffa ya janye ƙazafin da ya yi mata a gaban jama'a. Motar rusau ta kwashe shagunansa yana tsaye yana kallo. Auta ta yi sujada a tsakar gida tana kukan farin ciki. "Alhamdu lillahi! Inna, ba za a tashe mu ba!"

Ranar da aka buga kwanon rufi na ƙarshe, sai ga Baffa a ƙofar gida, ya rame, kayan shagonsa jibge a kurar dako ba shi da wurin ajiyewa. Ya yi sallama da ƙyar. Auta ta dube shi, zuciyarta na tafasa, duk abin da ya yi mata ya dawo sabo. Sai muryar Inna ta fito daga sabon ɗaki a hankali: "Auta, buɗe masa zaure ya sa kayansa. Ƙanin babanki ne." Ta share hawaye ta buɗe. Baffa ya durƙusa a bakin ƙofar ya rufe fuska da babbar rigarsa, ya fashe da kuka.